Yadda Za Ka Zaɓa Wa Tsohuwar Kwamfutar Cinya Linux Daidai Ƙarfinta

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta rufe tallafin da ta saba ba Windows 10. Wadda ta gaje ta, Windows 11, tana da sharuɗɗa masu tsauri: sai kwamfuta na da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai injinta, wato processor, ya kai zubi na 8, wanda ya fara fitowa a 2017. To ka dubi kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da malamai da masu shagon buga takardu a garuruwanmu: HP EliteBook 8440p da 8460p, Dell Latitude E6410 da E6420, ThinkPad T410 da T420. Duk 'yan tokumbo ne na wajajen 2010 da 2011, kuma jikinsu da sauran ƙwari. Wasu ma har yau Windows 7 ce a kansu, wadda aka daina kula da tsaronta tun Janairun 2020.

Irin waɗannan ne Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ke ƙara wa shekaru. Linus Torvalds ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma buɗaɗɗiya ce: kowa na iya saukewa, ya girka, ya raba wa wasu, ba kuɗin lasisi ba satar lamba. Sai dai Linux ba guda ɗaya ba ce. Nau'o'inta sun haura ɗari, kowanne da masu yabonsa, kuma nan ne mutane ke ɓata lokaci suna neman "wadda ta fi kowacce sauƙi". Ba wannan ba ce tambayar. Abin da ke cinye ƙarfin tsohuwar kwamfuta a yau burauza ce da shafukan intanet, babbar manhajar kanta kasonta kaɗan ne. Don haka zaɓin ya rataya a kan abu uku: yawan RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai), ko injin 64-bit ne ko 32-bit, da aikin da kake so ta yi maka.

Mataki na 1: San abin da ke cikinta

Kada ka dogara da takardar da aka manna a jikinta, ko da abin da mai shago ya faɗa maka ranar saye. Idan Windows na tashi, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka danna Enter. Rubuta abu huɗu a takarda: sunan injin, yawan RAM, abin da ke gaban "System Type", da abin da ke gaban "BIOS Mode" idan akwai shi, wato Legacy ne ko UEFI.

Akwai tarko a nan. Ganin Windows mai 32-bit a kan kwamfuta ba ya nufin injinta 32-bit ne. Masu gyara da yawa sun sha ɗora ta a kan injin 64-bit saboda ita ce a faifansu. Sunan injin shi ne alƙali. Core 2 Duo da duk wani Core i3, i5 ko i7 suna ɗaukar 64-bit. Pentium M, da Core Duo wanda babu lambar 2 a tsakiyar sunansa, da Atom N270 na ƙananan kwamfutocin nan da aka yi yayi wajajen 2009, su ne 32-bit zalla. Atom N450 kuwa, duk da rauninsa, 64-bit ne.

Idan Windows ta daina tashi gaba ɗaya, ba komai. Za ka ga bayanan nan a cikin BIOS, wato allon saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi, ko daga baya lokacin gwaji da filash.

Mataki na 2: Tambayi kanka aikin da za ta yi

Gara ka san wannan tun kafin ka ƙona data. CorelDRAW da Photoshop ba su da na Linux. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, kuma suna aiki sosai, amma wanda abincinsa ke fitowa daga katin biki da fosta, abokan hulɗarsa kuma na turo masa fayil na Corel kullum, kada ya goge Windows a kan kwamfutar sana'arsa. Haka manhajojin atisayen jarrabawar JAMB: da yawansu don Windows aka yi su. Akwai wata manhaja mai suna Wine da ke buɗe wasu kayan Windows, sai dai wani ya yi wani ya ƙi, ba abin da za a jingina jarrabawar yaro a kai ba ne. Mai gyaran waya ma haka, kayan filashin waya yawancinsu na Windows ne.

Idan kuwa aikin rubutu ne, da lissafi a jadawali, da karatun PDF, da kallon darasi, da imel, da WhatsApp ta burauza, da sauraren karatu ko wa'azi, da koyon rubuta manhaja, to ba ka da matsala. LibreOffice na buɗe fayilolin Word da Excel da PowerPoint, VLC na kunna kusan kowane irin bidiyo, Zoom ma na da na Linux ga injin 64-bit. Ga kuma wata riba da duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu zai yaba: cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta mayar da su gajerun hanyoyi ba ta iya tashi a kan Linux.

Mataki na 3: Zaɓin kansa

Kowace Linux tana da gindi, tana da fuska. Gindin shi ne tushen da aka gina ta a kai, kuma waɗanda zan ambata kusan duk daga Debian suka fito, kai tsaye ko ta hanyar Ubuntu. Debian ta faro a 1993, Ubuntu kuma a 2004 ƙarƙashin kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Fuska ita ce abin da kake gani: menu, tagogi, sandar ƙasa. Ita ce ke bambanta nauyi. GNOME, wadda ke zuwa da Ubuntu ta asali, ta yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi. Xfce da MATE matsakaita ne. LXQt ta ɗan fi su sauƙi. Can ƙasa akwai IceWM da JWM da Fluxbox, waɗanda aikinsu kawai su riƙe tagogi.

Idan RAM ɗinka gigabait 4 ne ko sama, injin kuma 64-bit, ɗauki Linux Mint mai fuskar Xfce ka huta. Menu ɗinta na ƙasa ta hagu kamar na Windows 7, tana zuwa da Firefox da LibreOffice, kuma tana da manhajar da ke nemo direbobin da suka rage da kanta, wato ƙananan manhajojin da ke sa kayan jikin kwamfuta irin su Wi-Fi su yi aiki. Jerin Mint 22 an gina shi a kan Ubuntu 24.04, za a ci gaba da tura masa gyaran tsaro har 2029. Masu ita sun ce gigabait 2 na RAM ya isa ta tashi, amma su da kansu 4 suke ba da shawara. Mai gigabait 8 yana iya ɗaukar fuskar Cinnamon, wadda ta fi kyan gani. Dalilin da ya sa na fifita Mint a nan ba sauƙin nauyi ba ne, akwai waɗanda suka fi ta. Yawan masu amfani da ita ne: duk matsalar da ta same ka, wani ya riga ka cin karo da ita ya rubuta maganinta.

Masu gigabait 2 su ne a tsaka mai wuya. Nan Lubuntu mai fuskar LXQt da MX Linux mai Xfce ke shigowa. Ni na fi karkata ga MX. Tun daga 22.04 Ubuntu da 'ya'yanta irin su Lubuntu, ban da Mint, ke kawo Firefox a cikin wani irin ƙunshi da ake kira snap, wanda kan yi jinkirin buɗewa a kan tsohon faifai. Sannan tallafin Lubuntu na dogon zango shekara 3 ne, ba 5 ba irin na Ubuntu uwa. MX kuwa a kan Debian take kai tsaye, kuma ta zo da tarin kayan aikinta na gyara da saiti da linzami kawai za ka yi amfani da su. Linux Lite ma tana nan, an yi ta musamman don waɗanda suka baro Windows, amma a kan Ubuntu da Xfce take, don haka nauyinta bai yi nisa da na Mint ba duk da sunan.

Gigabait 1 ko ƙasa da haka, ko injin 32-bit: antiX. Ba ta da ado, menu ɗinta ma sai ka saba, amma tana tashi da RAM kaɗan ƙwarai ta bar maka sauran. Q4OS mai fuskar Trinity ita ma ta dace da wannan aji, kuma duk wanda ya yi zamani da Windows XP zai ga kamar gida ya dawo. Puppy Linux, wadda Barry Kauler ya fara a Ostareliya a 2003, ƙarama ce da kan loda kanta cikin RAM ta yi gudu daga filash ko da faifan kwamfutar ya mutu. Tana da amfani wajen ceto fayiloli daga kwamfutar da ta ƙi tashi, amma ba zan ɗora wa ɗalibi ita a matsayin ta kullum ba, tsarinta ya bambanta da na saura da yawa.

Masu 32-bit su san cewa ƙofa na rufewa. Ubuntu da Mint na asali sun daɗe da barin wannan aji. Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta da abin girkawa na 32-bit, sai Debian 12 ta 2023, wadda tallafinta na dogon zango zai kai tsakiyar 2028. Google Chrome ta daina na Linux mai 32-bit tun 2016, Mozilla ma ta sanar a 2025 cewa Firefox za ta bi sahu. Irin wannan kwamfutar ka ɗauke ta a matsayin ta rubutu da karatu da koyon kibod ga yara, kada ka sa ran shiga banki da ita.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne mai gigabait 4 ya ji an yabi antiX da sauƙi ya je ya ɗora ta, ya wahala da saitin Wi-Fi da firinta, ya koma Windows yana cewa Linux ba ta da daɗi. Megabait ɗari biyu ko uku da ya tsira da su, shafin Facebook guda zai lamushe su. Daidai ruwa daidai tsaki: ka ɗauki mafi cikar da kwamfutarka za ta iya ɗauka ba tare da nishi ba.

Za ka ji ana ambaton ChromeOS Flex. Ta Google ce, ba buɗaɗɗiya ba ce gaba ɗaya, tana son gigabait 4, kuma rayuwarta a kan intanet take. Ga wanda ke auna data da megabait, ba ta dace ba.

Mataki na 4: Duba jikinta tukuna

Babu manhajar da za ta gyara faifan da ke mutuwa. Idan za ka kashe kuɗi a abu ɗaya tak, sayi SSD, sabon nau'in faifai mara juyawa, mai inci 2.5 ka maye gurbin tsohon faifai mai juyawa. Ko mai gigabait 128 ya isa, kuma bambancin da za ka gani wajen tashi da buɗe manhaja ya fi duk wanda sauya fuska zai kawo. Kusan duk kwamfutar zamanin Core 2 Duo zuwa sama tana da mazaunin SATA, na zamanin Pentium M ne ke da tsohon mazaunin IDE da ba ya ɗauka. Wata ribar kuma, tsohon faifan zai zauna a ajiye da Windows da fayilolinka ba a taɓa su ba, ko da za ka sauya ra'ayi.

RAM ke biye. Yawancin na Core 2 Duo DDR2 suke ɗauka, na Core i zubi na 1 zuwa na 3 DDR3, zubi na 4 kuma galibi DDR3L mai ƙarancin wuta. Ba sa maye gurbin juna yadda aka ga dama, don haka ka tafi da kwamfutar kanta kasuwa, ko titin Beirut ne a Kano ko inda kake samu a garinku, a saka a gabanka ka ga ta tashi kafin ka biya. Tunda an buɗe ta, ka sa a busa ƙurar hunturu da ta toshe fanka, a sauya man da ke tsakanin injin da ƙarfen sanyaya shi. Inji idan ya yi zafi rage gudunsa yake yi da kansa. Idan kuma kwanan wata na komawa baya duk sanda aka kashe ta, ƙaramin batirin agogon da ke kan allon ciki ne ya mutu, kuma kwanan wata mara daidai kan sa burauza ta ƙi buɗe shafuka tana kukan tsaro.

Mataki na 5: Sauke ta, ka shirya filash

Daga shafin masu ita kaɗai za ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil guda da ke ƙunshe da Linux ɗin da za ka girka. Na Mint ya kusa gigabait 3, don haka ka jira datar dare ko Wi-Fi na makaranta. Idan shafin ya ba da hanyar torrent, bi ta nan, domin idan sadarwa ta yanke tana ci gaba daga inda ta tsaya kuma tana tantance kowane yanki. In ba haka ba, gwada lambar tantancewa ta SHA256 da suka wallafa da ta fayil ɗinka. A Windows ka buɗe Command Prompt a inda fayil ɗin yake, ka rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil, sai SHA256. Idan lambobin ba su zo ɗaya ba, fayil ɗin ya lalace a hanya.

Nemi filash mai gigabait 8 ko sama, na gaske, domin jabu sun yi yawa kuma su ne sanadin girkawa da yawa da ke tsayawa a tsakiya. Rufus na rubuta ISO guda a kan filash: zaɓi MBR idan kwamfutarka Legacy ce, GPT idan UEFI ce. Amma na fi son Ventoy. Sau ɗaya za ka girka ta a filash, daga nan sai dai ka riƙa kwafa fayilolin ISO ciki kamar waƙa, ta jero maka su lokacin tashi. Da ita za ka gwada Mint da MX da antiX a zama ɗaya. Rufus da Ventoy duk biyun suna goge abin da ke kan filash ɗin.

Kafin ka ci gaba, kwashe hotuna da takardu da furojet zuwa wani wuri daban, ka buɗe wasu daga cikinsu a can ka tabbatar sun kwafu.

Mataki na 6: Gwaji ba tare da girkawa ba

Soka filash, kunna kwamfuta, ka riƙa danna maɓallin zaɓen tashi. A HP, Esc ne sannan F9. A Dell da ThinkPad da Toshiba, F12. A Asus galibi Esc. Acer ma F12 ne, amma wani lokaci sai ka fara kunna shi a BIOS ta F2. Kwamfutocin da suka zo da Windows 8 zuwa sama suna da Secure Boot, wani tsaro da ke hana manhajar da bai amince da ita ba tashi. Mint da Lubuntu kan wuce shi, amma idan filash ya ƙi tashi, shiga BIOS ka kashe shi. Idan allo ya yi baƙi bayan ta fara lodi, musamman mai tsohon katin hoto na Nvidia, sake kunnawa ka zaɓi "compatibility mode" a Mint, ko ka ƙara kalmar nomodeset a layin tashi.

Linux za ta buɗe daga filash ba ta taɓa faifanka ba. Kada ka yi hanzari a nan. Gwada Wi-Fi, sauti ta lasifika da ta abin kunne, kyamara, maɓallan ƙara haske da ragewa, linzamin yatsa, da rufe murfi a buɗe a ga ko za ta farka. Buɗe tagar umarni, wato Terminal, ka rubuta free -h ka ga RAM nawa aka ci kafin ka buɗe komai. Sai ka buɗe Firefox da shafuka uku ko huɗu irin waɗanda ka saba, har da YouTube, ka sake dubawa. Wannan lamba ta biyu ita ce gaskiyar zamanku da kwamfutar. Umarnin inxi -Fxz zai zayyano maka duk kayan cikinta a Mint da MX da antiX. Ka tuna daga filash komai ya fi jinkirin buɗewa, wannan ba laifin manhajar ba ne.

Wi-Fi shi ne ya fi ba da ciwon kai, kuma sau da yawa katin Broadcom ne, irin BCM4312 da BCM4313 da ke cikin HP da Dell da yawa na wancan zamani. Maganin: haɗa wayarka da kebul, ka kunna raba intanet ta USB a saitin wayar. Linux na gane wannan nan take. Daga nan Driver Manager na Mint zai nuna maka direban da ya dace.

Mataki na 7: Girkawa

Kada ka fara sai batir na riƙe caji ko kana da tabbacin wuta, ko janareto ko sola. Aikin bai cika wuce rabin awa a kan SSD ba, amma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar raba faifai, kana iya rasa abin da ke kai.

Mai girkawa zai tambaye ka harshe, kibod da yankin lokaci: Lagos ga Najeriya, Niamey ga Nijar, Accra ga Gana. A Mint ka yi alama a akwatin "multimedia codecs" don bidiyo da sauti su yi aiki. Sai babbar tambaya. "Erase disk" na goge komai ya bar Linux kaɗai. "Install alongside" na ajiye ta gefen Windows, ka riƙa zaɓa duk sanda ka kunna. Idan faifan bai wuce gigabait 128 ba, raba shi biyu takura ce ga duka biyun, gara ɗaya. Kalmar sirrin da za ka saka ka riƙe ta da kyau, ita za a riƙa tambayarka duk sanda za ka girka wani abu.

Mataki na 8: Makon farko

Sabuntawar farko kan ci ɗaruruwan megabait, ita ma a bar wa datar dare. Bayan ta, saita Timeshift ya ɗauki hoton tsarin yadda yake lafiya, don ka samu wurin komawa idan wani abu ya lalace.

Sai burauza, tunda ita ce mai cin RAM. Saka uBlock Origin a Firefox: yana toshe tallace-tallace, ya rage wa injin aiki, ya rage maka cin data. Idan YouTube na sarƙewa, sauko da shi zuwa 480p, ko ka saka ƙarin h264ify. YouTube kan turo bidiyo a tsarin VP9 ko AV1, waɗanda tsofaffin katunan hoto ba su san su ba, sai injin ya ɗauki nauyin shi kaɗai, alhali H.264 ya fi masa sauƙi. Mai gigabait 2 kuma ya koyi rufe shafin da ya gama da shi.

A shagon manhajoji na Mint za ka ga wasu an rubuta musu Flatpak. Duba girman kafin ka danna. Ƙaramar manhaja na iya janyo kayan tallafi na ɗaruruwan megabait a karon farko. Idan akwai ta a "System Package", ɗauki wannan.

Ɗalibin da aka ce ya rubuta furojet da Times New Roman zai tarar babu shi, sai Liberation Serif, wanda faɗin haruffansa ɗaya ne da shi, don haka shafuka ba sa gocewa. Mai son na asalin ya girka ttf-mscorefonts-installer. Carlito kuma shi ke tsayawa a madadin Calibri. A saitin LibreOffice ka mayar da ajiya ta zama docx idan da masu Word kake hulɗa, kuma duk takardar da za a kai bugawa ka fitar da ita PDF tukuna. A saitin kibod akwai "Hausa (Nigeria)" da "Hausa (Ghana)", akwai na Larabci da na Faransanci, kuma za ka iya jera su ka riƙa sauyawa da maɓalli.

Firintocin HP galibi da ka soka suke aiki, saboda direbobin HPLIP. Canon LBP2900, wadda ta cika shagunanmu, tana amfani da direba na daban mai suna CAPT da ke da wuyar saitawa a Linux. Idan ita ce firintarka, gwada ta tun kana mataki na 6, kafin ka goge Windows.